Yadda Ciɗo Ya Tashi Ceton Durgu

Ranar da Ciɗo ya sanar da mu cewa zai ceci irin kaza daga ɓacewa, muna zaune ne a fadarmu ta bakin hanya a Tawa, Aminu yana fifita gawayi a ƙarƙashin butar shayi. Ciɗo mai gyaran rediyo ne, ko in ce da can mai gyaran rediyo ne, don tun da salula ta cika gari ba mai kawo masa aiki sai tsofaffin unguwa. Saboda haka yana da lokaci, kuma duk ranar da Ciɗo ya sami lokaci unguwa ba ta samun lafiya.

Ya zo ya zauna, ya karɓi kofin da ba shi aka miƙa wa ba, ya ce, "Kun san durgu?"

Aminu ya ce, "Kazar nan mai gajerun ƙahwahu?"

"Ita hwa. Yaushe rabonka da ganinta?"

Nan fa ya kama mu, don ba wanda ya iya tuna rabonsa da ita. Muna yara kusan kowane gida akwai durgu, tana tafe cikinta na shafar ƙasa, ba ta nisa da gida, in ta kwanta kan ƙwai ko tsawa ba ta tashinta. Yanzu kuwa sai kajin gidan gona da barbarar da ba a san asalinta ba. Ciɗo ya ji a wani shirin rediyo ana kukan irin kajin gida na ƙarewa, shi ke nan abin ya shige masa kai.

Ya buga ƙirji ya ce, "Ni za ni tashe ta. Ku ba ni shekara guda, daga nan har Afala kowane gida sai an ga durgu. Har daga ƙasashen waje za a zaka ɗaukar hotona."

Aminu ya ce, "Ka taɓa kiwon kaza kuwa?"

"Ni da nig gyara rediyon da anka ƙera a Japan? Kaza mi ta?"

Ranar kasuwa ya ari awon tela ya rataya a wuya, ya nufi layin masu kaji. Kowa ya san yadda ake kawo kaji kasuwa: a ɗaure ƙafafu, a jera su a ƙasa. Kowa ya sani ban da Ciɗo. Ya yi ta zagawa yana taɓe baki har ya iske wani jan zakara kwance, ciki manne da ƙasa, ko alamar ƙafa ba a gani. Ya durƙusa ya auna daga ƙasa zuwa gadon baya, ya girgiza kai cikin jin daɗi.

Ya ce wa mai kajin, "Wanga durgu na, ko ba ka sani ba?"

Mai kajin, wani dattijo mai rawani, ya dube shi ya dubi awon tela, ya ce, "Kai kas sani, Malam. Abin da kag gani shi na."

Ciɗo ya rungumo zakara ya biyo ta fada don kada wani ya ce bai gani ba. Muka bi shi gida duka. Matarsa Zuhura tana tankaɗe a tsakar gida, ya ce ta kawo wuƙa ta yanke igiyar, mu kuma mu ja baya mu ba ilimi wuri. Zuhura ta yanke igiya. Zakara ya motsa, ya miƙa ƙafa guda, ya miƙa ɗayar, ya fara tashi. Ya tashi, ya ƙara tashi, muna binsa da ido, bai tsaya ba sai da ya leƙa cikin turmi ba tare da ya yi ɗage ba.

Maƙwabciyarsu Balkisu mai ƙosai, wadda katanga ba ta taɓa hana ta ganin komai ba, ta leƙo ta ce, "Malam Ciɗo, barka da sayen raƙumi!"

Ciɗo ya ce, "Zahin rana yas sa shi miƙewa. Ku bari shi huce, zai koma."

Aka bar shi ya huce har washegari, ko ɗan yatsa bai ragu ba. Ciɗo ya ɗauke shi ya kai wa Balkisu, wai kyautar maƙwabtaka. Ta karɓa hannu biyu, ta sa masa suna Dogo.

Da kasuwa ta ƙi shi, sai ya tuna da Gwaggo Kaltumi, ƙanwar mahaifinsa, can Takanamat. Ya hau moto, wato babur, ya tafi. Ita kam tana da durgu na gaske, amma biyu kacal: kaza mai ruwan toka da wani tsohon zakara da gashin wuyansa ya fara zubewa. Kakanninsu mahaifiyarta ce ta ba ta ranar da aka kai ta ɗakin miji, tun daga lokacin irin bai yanke a gidanta ba, sai bara da cuta ta bi ƙauyen ta share mata akurki ta bar waɗannan.

Da ya faɗi abin da ya kawo shi, ta ce a'a tun bai rufe baki ba. Ciɗo bai san a'a ba. Ya zauna mata a gida yana cin cukunta yana zuba mata bayani, ya ce a ƙauye cuta za ta komo, a birni kuwa akwai allura, akwai kuran, wato wutar lantarki, akwai shi. Ta gaji. Kuma ɗan marigayi yayanta ne, in ya karkata kai yana roƙo fuskar uban take gani, sai zuciyarta ta yi laushi.

Ta saka kajin cikin kwando da hannunta, ta riƙe bakin kwandon ba ta saki ba, ta ce, "Ciɗo, saurara. Zakaran ga ya tsuhwa, ban san ko zai ga baɗi ba. In ƙwan bana ya lalace, irin innata ya tahi ke nan. Ka ba ta hatsi, ka ba ta ruwa, ka bar ta ta yi abinta. Kada ka koya mata komi."

"Gwaggo, ki sa a ranki kin ba likita."

"Ni dai na hwaɗa ma. In ruwa ya sauka ina nan zakuwa ganin ƴan tsaki."

Kwandon bai gama taɓa ƙasa a Tawa ba Dogo ya bayyana a kan katanga. Ya dubi baƙuwa, ya karkata kai, ya diro yana jan fiffike. Tsohon zakaran Gwaggo ya yi ta maza ya tare shi, amma ko ƙirjin Dogo bai kai ba, Dogo ya tsallake shi kamar an tsallake tabarma. Ciɗo ya wawuri muciya ya bi shi.

Ya yi kuwwa ta kan katanga, "Balkisu! Ki ɗaure zakaranki, zai ɓata min iri!"

Ta ce, "Zakarana? Wa yas sayo shi? Wa yaj jawo shi unguwar ga da awon tela a wuya?"

"Na ba ki shi, naki na!"

"To nawa na, kuma ban hana mashi ziyarar gidan da yat taso ba."

Ciɗo ya ƙara wa katanga tubali, Dogo ya hau ta kan tulin itace. Ya jera ƙaya a bisa, Dogo ya zagayo ya shigo ta zaure da rana tsaka kamar mai sallama. Ya tafi wurin mai unguwa ya nemi a kafa doka kowa ya ɗaure zakaransa har durgu ta gama ƙwai. Mai unguwa ya saurare shi da kyau, ya ce in ya sami mai yi wa zakarun shela da harshensu, shi zai sa hannu. Rannan kuma Ciɗo ya bi Dogo har kan katanga, ya miƙa hannu zai cafke wutsiya, tubalin da ya ƙara da kansa ya zame, ya faɗa gidan Balkisu ya zauna daram cikin kwanon ƙullun ƙosai. Unguwa ta kwana ba ƙosai, Balkisu kuma ta ba duk wanda ya zo saye labarin a madadinsa.

A ƙarshe ya kwance gidan sauron ɗakinsu ya kafa a tsakar gida, ya zuba durgu biyu a ciki, ya danne gefuna da duwatsu. Zuhura ta ce, "Malam, mu kuma hwa?"

Ya ce, "Mu muna da yawa a duniya. Su biyu sunka rage."

Wannan dabarar kam ta yi aiki, gaskiya a faɗe ta. Dogo ya yi ta zagaya gidan sauro yana huci, Zuhura ta yi ta susa, kazar Gwaggo ta kwantar da hankali ta fara saka ƙwai. Da a nan Ciɗo ya tsaya, da ba ni da labarin ba ku. Amma ya zauna bakin gidan sauron yana kallon ƙwai na taruwa, sai muka ga ya fara shafa gemu.

Ya zo fada ya ce, "Kaza guda ƙwai nawa za ta iya ruhewa? Wagga tahiyar tsohhi ta. Injin ƙyanƙyasa za ni yi. Ita ta yi ta sakawa, ni in yi ta hiddawa."

Aminu ya ce, "Ba ka ce Gwaggo ta ce a bar ta ta yi abinta ba?"

"Gwaggo ba ta san kuran ba."

Ya samo mataccen firigo, wato firiji, ya ja shi cikin shagonsa mai rufin kwano, ya rataya masa ƙwayayen lantarki a ciki, ya liƙe kowace kafa da tsumma. Lokacin kuwa tsakiyar bazara ne, irin zafin Tawa da ko jaki neman inuwa yake. Ya kwashe ƙwan durgu kaf ya jera a ciki. Zuhura ta ce ko rabi ya bar wa kazar, ya ce rabin ilimi ba ya aiki. Da hantsi kuran ya ɗauke. Ciɗo ya rugo fada a guje ya sure furnonmu na shayi da garwashinsa, ya tura a ƙasan firigo don kada ƴaƴa su ji sanyi. Yana fita kuran ya komo, ƙwayayen lantarki suka kama ta sama, garwashi na aikinsa ta ƙasa.

Da la'asar ya kira mu mu ga ci gaba. Yana buɗe ƙofar firigo tururi ya bugi fuskarsa. Aminu ya ɗauki ƙwai guda, ya yi ta juya shi daga hannu zuwa hannu saboda zafi, ya girgiza shi a kunne, ya ƙwanƙwasa a goshinsa, ya ɓare. Fari sol, ya nuna har gwaiduwa.

Aminu ya ce, "Injin naka shina da sauri, Ciɗo. Akwai yaji?"

Ciɗo ya ce ai gwaji ne, kowane inji sai an gwada. Muka taya shi cinye gwajin don kada a yi asara biyu, amma shi ko guda bai iya haɗiyewa ba. Ni da nake kusa da shi na ji tausayinsa ya kama ni duk da bakina cike yake.

Ya yi ta fatan kazar ta sake sakawa, ita kuwa ta ce ta gama nata. Kwanci ya zo mata, ta shiga kusurwa ta baje fukafukai a kan ƙasa tsura, duk wanda ya matso ta sare shi. Kaza mai kwanci ba ta ƙwai, wannan ko Ciɗo sai da ya gane. Ana cikin haka ruwan farko ya sauka, wani direban Takanamat ya tsaya ƙofar gida ya ce Gwaggo Kaltumi na gaisuwa, ta ce da an gama shuka da noman farko tana tafe.

Ciɗo ya daina zuwa fada. Da ya sake bayyana kuwa idonsa na ƙyalli, muka san an sake shafa gemu.

Ya ce, "Kun san mi ka sa ƙahwar durgu gajarta? Wuri! In ƙwai ƙarami na, ɗan tsako bai samun wurin miƙe ƙahwa, sai ta tsaya nan. Ba a jini abin yake ba, a ɓawo yake."

Mun zaci zance ne kawai irin nasa. Ashe daga nan bakin tasha ya nufa. Da damina ko'ina ka duba a Tawa ƙwan zabi ne, matan ƙauye na kawo shi kwano-kwano. Wata mata daga Kalfu tana zaune da kwano biyu, ɗaya na kaji ɗaya na zabi. Ciɗo kuwa tunda aka haife shi bai taɓa ganin ƙwan zabuwa ba sai an ɓare an barbaɗa masa yaji. Ya ga ƙanana masu tsini da ɗigo-ɗigo, zuciyarsa ta yi fari, ya durƙusa yana zaɓen mafi ƙanƙanta.

Matar ta ce, "Malam, in na kwanci kake biɗa, wanga kwano..."

Ya ɗaga mata hannu. "Baiwar Allah, ke sayarwa taki, sani nawa."

Ta ja bakinta ta ƙulle masa a leda.

A gida yana tura su ƙarƙashin kazar tana saran hannunsa, Zuhura ta tsaya a kansa ta leƙa. Ta ce, "Malam, ƙwan ga ai na..."

"Zuhura, na taɓa shiga maki tukunya?"

"A'a, amma Gwaggo..."

"To ki bar min Gwaggo."

Ta ce, "To." Ta ɗauki tulu ta fita, kafin ta dawo daga famfo babu macen da ba ta ji labarin ba a unguwar. Ita kazar ba ruwanta, ta gyara zama ta rufe abin da aka ba ta. Ai dama haka manoma ke yi, su sa wa kaza ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe musu, sai dai su suna sane suke yi.

Lokacin da ƙwan kaza ke fashewa ya zo ya wuce shiru. Balkisu ta leƙo ta ce, "Malam Ciɗo, har yanzu amarya ba ta sauka ba?"

Ya ce, "Iri mai daraja bai gaggawa. Ba irin naku ba na, da ka hitowa barkatai."

"Gaskiya ta. Allah shi sauke ta lahiya, mu dai mun wanke zannuwanmu."

Sai da mako ya ƙara zagayowa sannan ɓawo ya fara tsagewa, ana gobe Gwaggo za ta iso. Ciɗo ya leƙa ya ga ƴan mitsi-mitsin abubuwa masu zane a ka da jajayen ƙafafu, ya yi sujada a tsakar gida. Ya kifa musu babban kwando tare da uwar, ya fita gayya. Bai bar kowa ba: mai unguwa, liman, ƴan fada, masu shaguna, har dattijon da ya sayar masa da Dogo ya aika wa. Ya ari tabarmi da kujeru, ya gyara wata tsohuwar lasifika ya ɗaura a bishiyar ƙofar gida. Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda mata suka amsa gayya. Tun da hantsi suka cika wuri, kowace ta ci ado, suna ta taɓa juna suna danne baki da gefen mayafi.

Gwaggo Kaltumi ta sauka daga mota da ƙullin kayanta da ɗaurin cuku, ta ga taro ta tsaya. Ta ce, "Wa yar rasu?"

Ciɗo ya ce, "Ba rasuwa ta ba, Gwaggo, haihuwa ta!" Ya zaunar da ita a kujerar gaba, aka jawo kwando tsakiyar fili a hankali, ya kama makirfo.

Ya yi jawabi, ya yi jawabi. Ya ce akwai waɗanda suka yi masa dariya, ya yafe musu. Ya ce ilimi ba a gadonsa a akurki. Ya ce yaran da za a haifa nan gaba in sun ga durgu za su tambaya wa ya tsamo ta daga bakin kabari, kuma ba ya so a faɗi sunansa, amma in an matsa a ce Ciɗo. Liman ya duba rana, mai unguwa ya yi gyaran murya. Sannan Ciɗo ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya ɗaga kwando.

Ɗan tsakon kaza in ya ga mutane ƙarƙashin uwarsa yake shiga. Ɗan zabuwa kuwa daji ne a jininsa. Kafin kwando ya kai gwiwar Ciɗo sun watse kamar an zubar da gero a faranti. Wannan ya shige ƙarƙashin kujerar mai unguwa, wancan ya faɗa cikin takalmin liman, wasu suka bi ta tsakanin ƙafafun mata suka nufi kwata. Mata suka saki dariyar da suka daɗe suna riƙo, har wata ta faɗo daga benci. Maza suka duƙa suna kamu da huluna. Kazar Gwaggo, baiwar Allah, ta bi su da gajerun ƙafafunta tana kira, ta yi nan ta yi can, ko guda ba ta cim ma ba.

Balkisu ta rangaɗa guɗa ta ce, "Barka da zabi, Malam Ciɗo! Allah shi raya!"

Ciɗo ya manta makirfo na hannunsa, sai duk unguwa ta ji ta lasifika: "Waɗanne zabi? Durgu na! Ku dubi ƙanƙantarsu!"

Aminu ya ɗago guda a cikin hularsa ya ce, "Durgun da ta hi moto gudu?"

"Sabon iri na, an inganta shi!"

"Zanen kan hwa?"

"Hatimin asali na!"

Dattijon mai kaji ya ce daga baya, "Abin da yag gani shi na, ku ƙyale shi."

Gwaggo ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta tashi a hankali, ta karɓi ɗan zabuwar daga hular Aminu, ta juya shi ta dubi kai ta dubi ƙafa, ta ajiye shi a gaban kazarta. Sannan ta dubi Ciɗo ta ce, "Ina ƙwanta na gaske?"

Ciɗo ya dubi Zuhura, Zuhura ta dubi ƙasa. Ya dubi ƴan fada, mu da muka ci da yaji, kowa ya sami abin kallo a sama. Da ƙyar ya ce, "Sun... sun dahu, Gwaggo."

Gwaggo ta durƙusa ta shafa bayan kazar, wadda ta rame don kwanci har ƙashin ƙirjinta ya fito. Ta ce, ba da ƙarfi ba, "Innata ba ta bar min zinariya ba, ba ta bar min gona ba. Wagga ta bar min. Na ce ma ka ba ta hatsi da ruwa."

Kunya ta rufe Ciɗo har ya rasa inda zai sa makirfo, ya tura shi aljihu. Mu ma duk jikinmu ya yi sanyi. Ya ce murya ƙasa-ƙasa, "Gwaggo, in kin ba ni dama guda, akwai wata dabara..."

"Rufa min baki." Ta miƙe ta gyara mayafi. "Ban barin kazata hannunka ko na yini guda. Kuma ban raba ta da marayun ga, tunda ita tana ganin nata na. Zuhura, shimhiɗa min tabarma ɗakin Malam, nan nike zama har ta yaye su ta sake ƙwai. Kai kuma, ɗiyan zabi gara suka ci. Ka biɗi tukunya, kullum da sahe ka tahi daji ka ɗebo masu."

Haka kuwa aka yi. Ciɗo ya koma kwana a zaure. A ranar Balkisu ta yanka Dogo ta yi wa Gwaggo miyar baƙunta, rigimar katanga ta ƙare a kwano guda. Duk safiya muna zaune sai mu ga Ciɗo ya wuce da tukunya a ka da ƴar fartanya, ya dawo yana susar hannu inda gara ta cije shi. In mun ce, "Likita, ina aka hito?" sai ya ce bincike. Gwaggo ta ja layi da sanda a tsakar gida ta ce in ya ƙetare shi da ƙafa, da sandar za ta mayar da shi.

Zabi suka yi fiffike suka kama gabansu, kazar ta murmure, ta sake sakawa. Tana cikin kwanci tsohon zakaran ya kwanta a gindin turmi wata safiya bai tashi ba. Gwaggo ta daɗe zaune kusa da shi. Kowa a gidan ya san abin da ke ƙarƙashin kazar nan shi ne na ƙarshe, ko tari Ciɗo ba ya yi a tsakar gida. Da suka fashe, sai ga ƴan tsaki suna mirginowa daga ƙarƙashin fiffike, ciki a ƙasa, ƙafa kamar an manta a saka. Gwaggo ta yi hawaye, ta share da gefen zane, ta ce hayaƙi ne.

Sai da suka yi ƙwari ta shirya komawa Takanamat. Muka raka ta bakin mota, kwandon kaji a cinyarta. Direba ya tada inji, sai ta ce ya dakata. Ta sa hannu cikin kwando ta fito da biyu, mace da namiji. Ciɗo ya washe baki, ya goge tafukansa a riga, ya miƙa hannu biyu yana bisimilla. Gwaggo ta ɗaga su ta bisa hannayensa ta ɗora a hannun Zuhura.

Ta ce, "Ke nib ba, ɗiyata. Shi kuma ban hana mashi kallo ba. Amma in kin ga ya tsaya kusa da su shina tunani, ki yi mashi kuwwa."

Durgu na nan a unguwarmu yanzu, har Balkisu ta sami nata daga wurin Zuhura. Wani lokaci muna fada, shayi na tafasa, sai mu ji muryar Zuhura ta keto katanga: "Malam!" Jim kaɗan sai ga Ciɗo ya fito yana gyara hula, ya zo ya zauna, ya ce shi wallahi ba tunani yake ba, kallo kawai yake yi.